Dirki da Ƙasusuwan Waliyyai: Kayan Tabarruki a Turai da Ƙasar Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano, kamar yadda na tashi, ya san laya tun kafin ya san babbaƙu da farfaru. Ana rataya wa jinjiri ita a wuya, ana ɗaura wa doki, ana soke ta a bakin rumbu, wani ma yakan binne ta a kusurwar gonarsa. Kowa kuma ya san doka guda da ke kanta, watau ba a buɗe laya, in aka buɗe ta to ta karye. Saboda haka mutum yana iya yin shekara talatin da laya a damtsensa bai taɓa ganin abin da malam ya rubuta ba, bai kuma san ko aya baduku ya ɗinke masa ko farar takarda ba.

Wannan hali na ɗan Adam, na ya rufe abu ya girmama shi, sa'an nan ya ji tsoron buɗe shi, bai tsaya a ƙauyukanmu ba. Kiristocin Turai sun yi shekara fiye da dubu suna adana ƙasusuwa da jini da tsummoki da gutsattsarin itace cikin akwatunan zinariya, suna neman waraka da nasarar yaƙi ta wurinsu. A wannan maƙala zan kira irin waɗannan abubuwa kayan tabarruki. Zan fara da tarihinsu a wurin Kiristoci, sa'an nan in dawo gida in kawo labarin Dirki, wanda sarakunan Kano suka yi kusan shekara 200 suna yi wa yanka. Abin da nake so mai karatu ya sa wa ido shi ne ranar da aka buɗe kowannensu, da abin da aka tarar a ciki.

Tun da fari ya kamata a san cewa mu Musulmi mun yi imani ba a kashe Annabi Isa, alaihissalam, ba, ba a kuma gicciye shi ba. Don haka duk inda na ambaci gicciye ko likkafani, abin da masu kayan suka yi imani da shi nake faɗa.

Asalin al'adar

A ƙarni uku na farkon addinin Kirista, Daular Rum ba ta yarda da shi ba, kuma jefi-jefi akan kama mabiyansa a kashe. Wajen shekarar 155 aka ƙone wani tsoho mai suna Folikaf, bishop na garin Simirna, wanda yau ake kira Izmir a ƙasar Turkiyya. Almajiransa suka tsince ƙasusuwansa suka adana, da niyyar su riƙa taruwa a wurin kowace shekara ranar da ya mutu. Wannan yana cikin labarai mafi daɗewa da suka nuna Kiristoci suna girmama gawar wanda aka kashe saboda addini. Sun kuma sami madogara a littafinsu, inda aka ba da labarin wani mamaci da ya tashi da rai sa'ad da gawarsa ta taɓa ƙasusuwan Elisha, watau Annabi Alyasa'u, da kuma labarin tsummokin da suka taɓa jikin Bulus aka kai wa marasa lafiya suka warke.

Da addinin ya zama na sarakuna sai al'adar ta zama doka. A shekarar 787 babban taron shugabannin coci da aka yi a garin Nisiya ya yanke cewa ba za a keɓe sabon coci don ibada ba sai an sa wani abu na waliyyi a cikinsa. To, ga coci dubbai, ga waliyyai ƙididdigaggu. Dole ke nan a rarraba gawa, wannan gari ya sami yatsa, wancan ya sami haƙori. Har yanzu 'yan Katolika sun kasa waɗannan kaya kashi uku: akwai sassan jikin waliyyi, akwai abin da ya yi amfani da shi kamar riga ko sanda, akwai kuma abin da aka goga a jikin ɗayan waɗannan biyun.

Gicciye da rawanin ƙaya

Babu abin da ya kai itacen gicciye daraja a wurinsu. Wajen shekarar 326 Helena, mahaifiyar Sarki Kunstantin, ta kai ziyara Ƙudus. Labarin da ya bazu daga baya shi ne ta sa an yi tono an sami gicciye uku, aka rasa na ainihin, sai aka riƙa taɓa wata mata mai jinya da su ɗaya bayan ɗaya, wanda ta warke da shi aka ce shi ne. Wata mata mai suna Ijeriya, wadda ta je Ƙudus wajen shekarar 380, ta rubuta yadda jama'a suke bin layi suna sumbatar itacen, masu hidimar coci kuwa sun kewaye shi sun zuba ido, domin an ce an taɓa samun wanda ya gatsi guntu da haƙori ya gudu da shi a baki.

A shekarar 614 rundunar Kisra, sarkin Farisa, ta ci Ƙudus ta tafi da itacen. Wannan yaƙi na Rum da Farisa shi ne malaman tafsiri suke ambatawa a farkon Suratur Rum. Hiraƙla, sarkin Rum, ya karɓo shi ya mayar Ƙudus a 630. Daga baya mayaƙan gicciye na Turai suka riƙa shiga fagen fama da wani sashe nasa a gaban runduna, har ranar yaƙin Hiɗɗin a 1187, inda Salahuddin Al-Ayyubi ya karya su ya ƙwace shi, bai kuma sake komawa hannunsu ba. Duk da haka gutsattsarin da aka riga aka rarraba sun cika coci-cocin Turai, har a Habasha ma akwai cocin Gishen Maryam da suka yi imani akwai wani sashe nasa a can.

Rawanin ƙaya kuwa, wanda suka ce an ɗora wa Annabi Isa a ka, sai da ya shiga jingina. Sarkin Ƙusɗanɗiniyya na lokacin ya rasa kuɗi, aka ba 'yan kasuwar Banis rawanin aka ci bashi. Sarkin Faransa Luwis na Tara ya fanshe shi da kimanin liba 135,000, kuɗinsu na wancan zamani, ya shigo da shi Faris a 1239 yana tafiya ba takalmi. Ya gina masa coci na musamman da aka buɗe a 1248, wanda ginin bai ci sulusin kuɗin rawanin ba. Sa'ad da gobara ta kama babban cocin Notre-Dame ranar 15 ga Afrilu, 2019, wannan rawani yana cikin abin da aka yi gaggawar tserewa da shi.

Abin da ba a samu da kuɗi ba kuwa akan same shi da sata. A shekarar 828 waɗansu fatake biyu na Banis suka saci gawar Markus, ɗaya daga cikin marubutan Linjila, daga Iskandariyya ta Masar. An ce sun lulluɓe ta da naman alade, domin sun san Musulmi masu binciken kaya a tashar jirgi ba za su sa hannu ba. Mutanen Banis ba su ɓoye wannan labari ba, sun ma zana shi a jikin babban cocinsu, domin a ganinsu da waliyyin bai so tafiyar ba da bai yarda an ɗauke shi ba.

Kai uku, da jinin da ke narkewa

A 1204 mayaƙan gicciye suka wasashe Ƙusɗanɗiniyya, birnin 'yan'uwansu Kiristoci, suka kwaso kayan tabarruki masu yawa. Cikin ganimar akwai ƙoƙon kai da aka ce na Annabi Yahaya ne, wanda aka kai garin Amiyan na Faransa a 1206. Sai dai a Rum ma akwai cocin da ke nuna nasa kan na Annabi Yahaya, haka a Munik ta Jamus. A cikin Masallacin Banu Umayya na Dimashƙu kuma akwai hubbaren da Musulmi da Kirista suke ziyarta a kan nan kan yake, har Paparoma John Paul na Biyu ya tsaya a gabansa a 2001.

A birnin Nafoli na Italiya akwai 'yar kwalba da suka ce busasshen jinin waliyyi Janairu ne, wani bishop da aka kashe wajen shekarar 305. Sau uku a shekara, a Mayu da Satumba da Disamba, ake fito da ita gaban jama'a ana jujjuyawa har jinin ya narke. Labarin narkewar na farko da aka rubuta na shekarar 1389 ne. In ya narke gari ya ɗauki murna, in ya ƙi kuwa hankali ya tashi, domin mutanen garin suna lissafa shekarun da suka ce ya ƙi, kamar 1939 da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, da 1980 da girgizar ƙasa ta hallaka mutane a kudancin Italiya.

Wanda ya fi duka suna shi ne likkafanin Turin, ƙyalle mai tsawon mita huɗu da ɗoriya, da surar mutum a jikinsa. Ya fara bayyana a ƙauyen Lire na Faransa wajen 1355, kuma tun a 1389 bishop na yankin ya rubuta wa Paparoma cewa wani mai zane ne ya yi shi. A 1988 aka yanki ɗan gefensa aka ba ɗakunan bincike uku, a Okusfod da Zurik da Arizona, suka auna shekarunsa ta hanyar sinadarin kabon, suka ce an yi ƙyallen tsakanin 1260 da 1390. Har yanzu akwai masu musun wannan awo, fadar Paparoma kuwa ba ta tilasta wa kowa yarda cewa na ainihi ne ba.

Ranar da aka buɗe akwatuna

Kada mai karatu ya zaci duk Kiristocin da can sun haɗiye waɗannan labarai. Tun wajen 1120 wani shugaban gidan sufaye a Faransa, Giba na Nojan, ya rubuta littafi yana tambaya ta yaya mutum ɗaya zai yi kai biyu. A 1215 babban taron coci na Lateran ya hana sayar da kayan tabarruki, ya kuma hana girmama sababbi sai da izinin Paparoma. Amma ina, kuɗin da masu ziyara ke kawowa ya fi ƙarfin doka.

Wani basarake na Jamus, Firedirik mai mulkin Sakisoni, ya tara a cocin fadarsa da ke Witinbag abubuwa 5,005 a lissafin 1509, zuwa 1520 kuwa sun haura 19,000. A ciki har da abin da aka ce nonon Nana Maryamu ne, da ciyawar sakarkarin da aka kwantar da Annabi Isa yana jinjiri, da reshen kurmin da Annabi Musa ya ga wuta a cikinsa. Wanda ya ziyarce su ya ba da sadaka, an yi masa alkawarin ragin kusan shekara miliyan biyu daga zaman wani wuri da suka yi imani rai yakan tsaya a tsarkake shi kafin ya shiga aljanna. A wannan gari ne Martin Luta ya fitar da hujjojinsa 95 na sukar sayar da takardun gafara ranar 31 ga Oktoba, 1517, ana jajibirin ranar da ake baje kayan. Bayan 'yan shekaru aka daina baje su.

A 1535 mutanen Janiba, a ƙasar Suwizalan ta yau, suka juya wa Paparoma baya, suka shiga coci suka buɗe akwatunan da kakanninsu suka daɗe suna sumbata. John Kalbin ya ba da labarin abin da aka gani a littafin da ya rubuta kan wannan batu a 1543. In ji shi, abin da ake kira ƙwaƙwalwar Bitrus ashe dutse ne mai huji-huji irin wanda ake goge kaushi da shi, abin da ake kira hannun waliyyi Antoni kuwa wani sashe ne na jikin barewa. Daga nan 'yan Furotesta suka yi watsi da al'adar ɗungum. 'Yan Katolika kuwa, a taronsu na Tirento a 1563, suka tabbatar da girmama kayan, tare da umurnin a kawar da camfi da neman kuɗi daga cikin lamarin.

Dirki

Yanzu sai mu dawo gida. Madogararmu ita ce littafin nan na Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga fassararsa ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya nuna an fara Dirki a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Zamani ne na tashin hankali. Kwararrafa sun kawo yaƙi har mutanen birni suka gudu Daura, Katsinawa sun matsa da hari, ga kuma yunwa da aka ce ta yi shekara 11. Cikin wannan hali ne aka ɗauki Alƙur'ani aka naɗe shi da fata aka ajiye don ya zama garkuwar gari.

Da an tsaya nan da Dirki bai wuce babbar laya ba. Amma sai aka shiga yi masa yanka, ana ƙara masa fata bisa fata. Sarki ya mutu wani ya hau, waɗanda suka ga littafin da idonsu suka ƙare, jikokinsu suka gaji wani dunƙulen ƙiraga mai suna Dirki, wanda aka ce zaman lafiyar sarauta yana rataye da shi.

Haka aka yi ta tafiya har zamanin Muhammadu Alwali, wanda ya hau gado a 1781. Shi ma yunwa ta same shi, ko da yake ya yi tanadin hatsi tun hawansa. Manyan fada suka neme shi da shanu 40 na Dirki, ya hana. Suka tsorata shi da cewa duk sarkin da ya hana wannan yanka wani mugun abu zai same shi. Alwali ya fusata, ya aika samari da gatura suka sassare fatun har abin da ke ciki ya fito. Sai ga Alƙur'ani kyakkyawa. Littafin ya ce mutane sun yi masa baki cewa yadda ya fitar da Alƙur'ani daga Dirki haka za a fitar da shi daga ƙasar.

Abin da ya biyo baya sananne ne, kuma a yankinmu aka yi mai wuyar. Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya iso ƙasar Kano a hannun malamai irin su Malam Jamo da Malam Bakatsine da Malam Dabon Dambazau, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Bai a Ɗambatta. A Ɗan Yaya, arewa da birni, aka karya rundunar Alwali. Ya bar Kano ya yi kudu, aka kashe shi a Burum-Burum a 1807. Abin mamaki a nan shi ne, sarkin da masu jihadi suka yaƙa cikin jerin sarakunan da ake zargi da garwaya addini da al'ada, shi ne da kansa ya sa aka farke Dirki.

Abin da ya haɗa su da abin da ya raba su

A Janiba akwatin zinariya ne, da aka buɗe aka tarar da dutsen goge kaushi. A Kano ƙiraga ne, da aka buɗe aka tarar da littafin da ya fi kowane abu daraja a wurin masu shi. Ta nan sun bambanta ƙwarai. Amma kafin ranar buɗewa halin mutanen biyu ɗaya ne, domin babu wanda ya duba. Ke nan kwarjinin da jama'a suke ji daga rufin yake fitowa, da labarin da ake bayarwa a kansa. Ina ma ganin hasarar Kano ta fi ciwo. Mutanen Janiba dutse suka rasa, Kanawa kuwa littafin da aka saukar don a karanta suka hana wa ido shekara kusan 200, suna zuba masa jinin da shi kansa ya hana a zuba wa wanin Allah.

Abu na biyu shi ne tsoro. Dirki ɗan yaƙi da yunwa ne, kamar yadda mayaƙan gicciye suka riƙe itacensu a fagen fama, mutanen Nafoli kuma, da ke zaune a gindin dutse mai aman wuta, suka riƙe kwalbarsu. In abu ya fi ƙarfin mutum yakan so ya sami wani abu da zai kama da hannu.

Abu na uku shi ne tambayar da ɗan ƙauye zai fara yi: wa ke biya? Sarki ba ya kiwo da hannunsa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali a wurin Fulani, Sarki Kumbari kuma, daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa Kasuwar Kurmi da haraji har fatake suka koma Katsina, ya kuma sa wa malamai ma haraji. Jangali yana cikin abubuwan da Shehu ya lissafa a Kitabul Farƙi a kan zaluncin sarakunan Hausa. Wanda ya san ƙasarmu, daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, inda gona ke manne da gona, inda manomi ke auna arzikinsa da awaki uku da jaki ɗaya da mangalar taki, ya san abin da ake nufi da shanu 40 a shekarar yunwa. Naman kuwa ba Dirki ke ci ba. Haka kuɗin da Luwis ya fanshi rawani da su, da sadakar Witinbag, daga gumin talakawa suka fito. Duk inda ka ga abin da aka hana buɗewa, duba da kyau za ka ga masu ci da rufinsa.

Hattara da masu ba da labari

Ɗalibin tarihi ba ya karɓar labari don ya yi masa daɗi. Tarihin Kano ya tsaya ne a zamanin Sarki Muhammadu Bello, wanda ya hau a 1883, watau an kammala shi shekara 70 da ɗoriya bayan faɗuwar Alwali, a fadar waɗanda suka gaje shi. Bakin da aka ce an yi wa Alwali an rubuta shi ne bayan ya riga ya kama. Abin da ya kayar da shi a fili yake: yunwa, da nauyin haraji, da malamai masu jama'a da suka ɗaura yaƙi. Haka shi ma Kalbin abokin gaba ne ga abin da yake ba da labari. Ya yi ba'a cewa in aka tara gutsattsarin gicciye za su cika jirgin ruwa, amma a 1870 wani Bafaranshe, Roho da Fuluri, ya bi ya auna waɗanda ya iya samu, ya ce duka ba su kai gicciye ɗaya ba. Wannan bai tabbatar da cewa na ainihi ne ba, ya dai nuna mai suka ma yakan ƙara gishiri.

Kiristocin ƙasarmu

Wani zai tambaya ko wannan al'ada ta iso ƙasar Hausa. A 1710 waɗansu limaman Katolika biyu, Karlo Mariya na Janowa da abokinsa Sabarino, suka taso daga Tarabulus saboda jita-jitar da suka ji cewa akwai Kiristoci masu rataya gicciye a Kwararrafa, watau mutanen nan da harinsu ya girgiza Kano a zamanin da aka fara Dirki. Sun biyo ta Agadas, ciwo ya kashe su a Katsina a 1711 ba su kafa komai ba. Waɗanda suka zauna a karkarar Kano daga baya, a ƙarni na 20, 'yan mishan na SIM ne, masu asibitin kutare na Yadakunya, waɗanda cocin ECWA ya fito daga aikinsu a 1954. Su kuwa 'yan Furotesta ne, magadan Luta da Kalbin. Saboda haka da yawa daga cikin Hausawa Kiristoci na ƙauyukanmu, waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, ba su san kayan tabarruki ba ko kaɗan. 'Yan Katolika kuwa suna nan a kan al'adarsu, shi ya sa aka dawo da ƙasusuwan Fada Tansi daga Ingila zuwa Anaca a 1986. Amma in ka tambaye su za su ce maka girmamawa suke yi, bauta ta Allah ce.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauki labarin kai uku ya je yana tsokanar abokin karatunsa ko maƙwabcin gonarsa. Kano ta ga abin da rikicin addini ke jawowa a 1982 da 1991. Wanda kakanninsa suka yi wa ƙiraga yanka, laifi tudu ne in ya hau nasa ya hango na wani.

Kammalawa

Dirki ya tafi, amma halin da ya haife shi yana nan. A gidajen malamai da yawa na ƙauyukanmu akwai gafaka da aka gada kaka da kakanni, an rataye ta a ɗaka ko an sa ta a tukunya, ana girmama ta, ba a barin kowa ya kwance. A cikin irin waɗannan gafakoki akwai Alƙur'anai rubutun hannu, da waƙoƙin ajami, da wasiƙu, da jerin sunayen dagatai da limamai, watau ainihin kayan da tarihin karkara ke bukata. Gara da ɗigon damina ba su san tabarruki ba, kowace shekara suna cin rabonsu.

Shawarata ga 'yan wannan ƙungiya ita ce, in an tafi hutu kowa ya nemi dattawan garinsu cikin ladabi, ya roƙi izini a kwance gafaka a gabansu, ya rubuta sunan kowane littafi da mai shi da wanda ya kwafe shi, ya ɗauki hotonsa in an yarda, sa'an nan a mayar wa masu abu abinsu. Alwali da gatari ya buɗe nasa, ya kuma bar baya da ƙura. Mu da sallama da haƙuri za mu buɗe namu, mu karanta. Allah ya sa mu dace, amin.